Kulob ɗin Rotary: yadda ƙaramar ƙungiyar gari take aikin taimako a gida da waje

 

Ƴan uwa masallata da ɗalibanmu na Islamiyya, da yawanmu mun taɓa ganin wani tambari mai kamar ƙafar inji mai haƙora, shuɗi da ruwan zinare, a jikin allon wata rijiyar burtsatse, ko a bangon wani aji, ko a rigar masu zagayen rigakafin shan inna. Tambarin ƙungiyar Rotary ne. Ana yawan tambaya a kansa: su wane ne waɗannan mutane, ina suke samun kuɗi, kuma me suke nema a wurinmu? Tambayoyi ne da suka dace, don bai kamata mutum ya sha ruwan rijiya ko ya miƙa bakin ɗansa ga magani bai san daga ina abin ya fito ba. To, a wannan fitowa za mu bi abin daki-daki: asalinsa, yadda kulob guda yake gudana, yadda kuɗinsa yake tsallaka iyaka, abin da malamai suka ce, sannan abin da ya shafe mu.

Asalin abin

An kafa kulob na farko a birnin Shikago na Amurka ranar 23 ga Fabrairu, 1905. Wani lauya ne mai suna Paul Harris ya tara abokansa uku, kowa da sana'arsa daban. Shi Harris a ƙaramin gari ya tashi, da ya zo babban birni sai ya rasa irin zumuncin da ya saba da shi. Saboda haka farkon abin zaman abota ne da taimakon juna a kasuwanci. Suna yin taro yau a ofishin wannan, wani mako a ofishin wancan, kamar yadda ake zagaya adashi. Daga wannan zagayen sunan ya fito, don ma'anar kalmar Rotary ita ce abu mai juyawa.

Ba a daɗe ba wasu daga cikinsu suka ce bai dace ƙungiya ta tsaya ga amfanin ƴaƴanta kawai ba. A 1907 kulob ɗin ya sa kansa gaba wajen neman a gina makewayin jama'a a tsakiyar birnin Shikago. Kun ji aikin farko: ban-ɗaki. Daga nan wasu garuruwa suka kafa nasu, har abin ya ƙetare teku. A Afirka ta Yamma an buɗe kulob a Dakar a 1939, a Akra a 1958, na farko a Najeriya kuwa a Kano aka buɗe shi a 1961. Yau kulob-kulob ɗin sun haura 45,000 a duniya, mambobi sun haura miliyan ɗaya, hedikwatarsu tana garin Evanston kusa da Shikago. Mata ba su samu damar shiga a duniya baki ɗaya ba sai a 1989, bayan wata shari'a da kotun ƙolin Amurka ta yanke a 1987.

Yadda kulob guda yake gudana

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne kowane kulob mai cin gashin kansa ne. Kulob ɗin wani gari mutanen garin ne suke cikinsa: likita, ɗan kasuwa, injiniya, malamin makaranta, ma'aikacin banki, lauya. Tun asali tsarinsu shi ne a haɗa masu sana'o'i daban-daban, don idan aiki ya taso a samu wanda ya san kansa. In rijiya ce, ga injiniya ya duba ƙasa. In lissafi ne, ga akanta.

Suna haɗuwa a kai a kai, galibi mako-mako ko sau biyu a wata, a wuri sananne da lokaci sananne. Kowane mamba yana biyan kuɗin ƙungiya daga aljihunsa, ba a biyansa albashi. Shugaba shekara ɗaya yake yi, daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni, sannan ya sauka wani ya hau. Haka abin yake tun daga ƙaramin kulob har shugaban duniya baki ɗaya. Akwai sakatare, akwai ma'aji, akwai kwamitoci. Kulob-kulob na yanki guda kuma ana haɗa su a gunduma ƙarƙashin gwamna, shi ma shekara ɗaya yake yi. Takensu, in aka mayar da shi Hausa, shi ne a fifita hidima a kan son kai.

Aikin gida shi ne wanda kulob yake yi a garinsa da kuɗin da ya tara da kansa. Irin waɗannan ayyuka su ne gyaran aji da sayen bencina, ba da littattafai, tara jini don asibiti, raba gidan sauro, kekunan guragu, ɗaukar nauyin karatun yara, dashen itatuwa, gina makewayi a makaranta ko kasuwa. Kuɗin yana fitowa daga mambobi, da liyafar tara gudummawa, da abin da ƴan kasuwar gari suka bayar. Ƙananan ayyuka ne, amma a gaban idon mambobi ake yin su, don haka da wuya a ce an yi alhali ba a yi ba.

Yadda kuɗi yake tsallaka iyaka

Aikin waje kuwa ta hannun gidauniyarsu yake bi. Wani shugabansu mai suna Arch Klumph ne ya kawo shawarar kafa asusu a 1917, kuma gudummawar farko da ta shiga dalar Amurka 26 da santi 50 ce, daga kulob ɗin Kansas City. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba, amma duk da haka kuɗi ne kaɗan. Wannan asusu ne ya girma har ya zama gidauniyar da ta kashe biliyoyin daloli.

Ga yadda abin yake. Mambobi a ko'ina suna zuba kuɗi a asusun shekara. Ba a kashe kuɗin nan take. Ana juya shi shekara uku, ribar tana taimakawa wajen tafiyar da gidauniya, sannan a raba uwar kuɗin: kusan rabi ya koma hannun gundumar da ta tara shi, kusan rabi ya shiga asusun duniya. Wanda ya ba da dala 1,000 ana ba shi lambar yabo mai sunan Paul Harris.

To, a ce wani ƙauye yana fama da rashin ruwa, kulob ɗin birnin da ke kusa yana son ya yi masa rijiyar burtsatse, wadda muke kira foraj, mai aiki da hasken rana, amma kuɗinsa bai kai ba. Sai ya nemi abokin tarayya, wato wani kulob a wata ƙasa, ko a Faransa, ko a Kanada, ko a Indiya. Su biyun su rubuta takardar neman babban tallafi tare. Ƙa'idar irin wannan tallafi ita ce kasafin aikin kada ya gaza dala 30,000. Kulob biyun su zuba nasu, gundumominsu su ƙara, gidauniya ta ɗora nata daga asusun duniya.

Sharuɗɗan da ake gindayawa su ne abin lura. Kafin a nemi kuɗin dole kulob na gida ya je ya zauna da mutanen wurin ya ji abin da suke buƙata da bakinsu. Dole a buɗe asusun banki na musamman don wannan aikin kaɗai, ba a cakuɗa shi da kuɗin kulob. Dole a nuna wanda zai kula da abin bayan an gama: wa zai gyara famfo in ya lalace, da wane kuɗi, a ina za a sayo kayan gyara. Dole a aika rahoto duk wata goma sha biyu, a kuma aika na ƙarshe cikin wata biyu da kammalawa, tare da shaidar yadda aka kashe kuɗin. Kulob ɗin da bai kawo rahotonsa ba ba ya samun wani tallafin sai ya kawo. Kuma aikin sai ya faɗa cikin fannoni bakwai da suka ware: zaman lafiya, yaƙi da cututtuka, ruwa da tsafta, lafiyar uwa da jariri, ilimin farko, bunƙasa sana'o'i, da kare muhalli.

Ba muna cewa kowace rijiyar da suka haƙa tana ba da ruwa har yau ba. Duk mun san ƙauyukan da aka yi bikin buɗe famfo da kiɗa da jawabi, bayan shekara biyu awaki ne suke kwana a gindinsa, ko wace ƙungiya ce ta yi shi. Irin wannan asara ce ma ta sa aka tsaurara sharuɗɗan kula da abu bayan an tafi.

Babban aikinsu: shan inna

Idan ana so a ga abin da tarin ƙananan kulob zai iya yi, a dubi shan inna. Cuta ce da ƙwayarta take shiga ta baki, ta ruwa ko abincin da najasa ta taɓa, kuma ta fi kama yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Yawancin waɗanda ta shiga jikinsu ba sa nuna alama, amma suna yaɗa ta. Kusan ɗaya cikin 200 ne take shanye wa ƙafa ko hannu har abada, kuma cikin waɗanda ta shanye, biyar zuwa goma cikin ɗari suna rasuwa in ta taɓa naman da ake numfashi da shi. Ba ta da magani bayan ta kama, sai dai rigakafi tun kafin ta zo.

A 1979 Rotary ta ɗauki nauyin yi wa yara miliyan shida rigakafi a ƙasar Filifin. Da aka ga abin ya yiwu, sai a 1985 ta buɗe shirin PolioPlus da niyyar tara dala miliyan 120. Kafin ƙarshen 1988 mambobi sun tara sama da miliyan 200. A wannan shekara ta 1988 ne ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin kawar da cutar, aka haɗa hannu tsakanin Rotary, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da UNICEF, da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka. Lokacin nan cutar tana shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. A 1996 Nelson Mandela ya ƙaddamar da gangamin korar cutar daga Afirka. Daga baya gidauniyar Gates ta shigo da alkawarin ɗora dala biyu a kan kowace dala ɗaya da Rotary ta tara, har zuwa miliyan 50 a shekara. Jimillar abin da Rotary ta zuba a wannan yaƙi ya haura dala biliyan biyu.

A nan labarin ya iso ƙofar gidanmu. A 2003 wasu jihohin arewacin Najeriya, Kano a gaba, sun dakatar da rigakafin saboda jita-jitar cewa an sa masa abin hana haihuwa. Tsoron mutane ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Kano, cikin yara kusan 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a har aka sasanta a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sai dai dakatarwar ta jawo babbar hasara. Kano ta yi kusan shekara guda ba a ɗiga wa yara ba, sai a Yulin 2004 aka koma, bayan an yi gwaje-gwaje kuma an kawo maganin daga Indonesiya. A tsakanin nan ƙwayar cutar ta bi hanyoyin fatauci da na matafiya ta sake shiga ƙasashe kimanin ashirin da suka riga suka rabu da ita, ta kai Sudan, ta kai Yaman da Indonesiya, inda ta shanye ɗaruruwan yara a 2005. A Najeriya kanta an ƙirga sama da yara 1,100 a 2006. Wani abin lura kuma, shugaban Rotary na duniya a shekarar 2003 zuwa 2004, Jonathan Majiyagbe, lauya ne da a lokacin yake zaune a Kano kuma yake cikin kulob ɗin Kano, shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan kujera.

Kuɗin waje bai isa ya gyara wannan ɓaraka ba, sai da mutanen gida suka tashi. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan arewa a kan kiwon lafiya, hakimai da dagatai da limamai suka shiga gida-gida. A 2013 aka kafa kwamitin malaman Musulunci masu ba da shawara a kan kawar da cutar, da hannun Azhar, da Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa, da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi. Hukumomin Saudiyya ma sun sa shaidar rigakafin cikin sharuɗɗan alhazai masu zuwa daga ƙasashen da cutar take. An cire Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu a 2006. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar ta shanye a Najeriya an same shi a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da cewa yankin Afirka ya rabu da ita. Yau Afganistan da Pakistan ne kawai take ci gaba da yawo a cikinsu.

Wani zai ce, to in an gama, me ya sa har yanzu ake buga mana ƙofa? Dalili shi ne ɗigon da ake sa wa yara yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana. A unguwar da kusan duk yara suka karɓa, ba ta samun wurin zama. A inda yara da yawa ba su karɓa ba kuma tsafta ta yi ƙaranci, tana iya yawo daga yaro zuwa yaro tsawon watanni har ta sake ƙarfi ta shanye wanda bai da kariya. Irin wannan ce ake gani a ƴan shekarun nan a Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru. Maganinta shi ne a cike giɓin, kowane yaro ya samu. Tun 2021 ma an fara amfani da sabon ɗigo da aka gyara don ya yi wuyar rikiɗewa.

Abin da malamai suka ce

Ba za mu ɓoye muku ba, akwai magana a kan shiga wannan ƙungiya. A 1978, wato 1398 bayan Hijira, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta fitar da hukunci a kan ƙungiyar asiri ta Masoniyya, ta kuma ambaci Rotary da Lions cikin waɗanda take ganin suna da alaƙa da ita. Malamai da yawa suna kan wannan har yau, suna hana shiga. Ba Musulmi kaɗai suka yi wannan zargi ba, don fadar Paparoma ma ta taɓa hana limaman cocinta zama mambobi a 1951. Ita Rotary tana musanta alaƙar, tana cewa ba ta da addini ko jam'iyya, ba ta da rantsuwar asiri, kuma baƙo yana iya halartar taronta. Akwai kulob-kulob a Masar, Turkiyya, Maroko, Pakistan, Bangaladash, Malesiya da Indonesiya, inda Musulmi ne da yawa a cikinsu. Masu ganin halaccin haɗa hannu da wanda ba Musulmi ba a kan alheri suna kafa hujja da Hilful Fudul, yarjejeniyar kare wanda aka zalunta da aka ƙulla a Makka kafin annabci, wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarta kuma ya yaba mata daga baya.

Wannan shafi ba wurin fatawa ba ne. Wanda aka gayyata ya shiga, ya je wurin malamin da ya amince da iliminsa, ya faɗa masa abin da ake yi a taron garinsu dalla-dalla, har da inda ake zama da abin da ake sha. Amma mu rarrabe abu biyu. Zama mamba daban, shan ruwan rijiya ko karɓar rigakafin da hukumar lafiya ta ƙasarmu ta tantance daban. Saɓanin da ke kan na farko ba hujja ba ne na hana yaro ɗigo biyu.

Abin da ya rage namu

Aikin alheri mai ɗorewa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sayyidina Usman, Allah ya ƙara masa yarda, ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar ta wakafi ga jama'a. Zubaida matar Haruna Rashid ta kashe dukiya mai yawa wajen jawo ruwa zuwa Makka don alhazai. Kuma a masallatanmu ana tara kuɗi kusan kowace Juma'a. Inda muke yawan tuntuɓe shi ne tsari, kuma a nan akwai abubuwan da za mu iya ɗauka ba tare da mun shiga ƙungiyar kowa ba.

Na ɗaya, mu tambayi mutane kafin mu yi masu aiki. Sau da yawa mai kuɗi yana son ya ƙara hasumiya, alhali makarantar allon da ke gefe ba ta da makewayi. Na biyu, kowane aiki ya samu asusunsa da mutum biyu ko uku masu sa hannu, a karanta lissafi a bainar jama'a, a kafe shi a allon masallaci. Wannan yana kare ma'aji mai gaskiya daga zargi, yana kuma ƙara wa masu bayarwa ƙarfin gwiwa. Na uku, a sa wa shugabancin kwamiti wa'adi, don aikin kada ya mutu ranar da mutum ɗaya ya rasu ko ya yi fushi. Na huɗu, mu san sana'o'in da ke cikin sahunmu. A bayan liman akwai magini, akwai ma'aikacin jinya, akwai mai gyaran famfo, akwai wanda ya iya rubuta takardar neman tallafi, kuma da yawansu ba a taɓa neman komai a wurinsu ba sai kuɗi. Na biyar, ƴan uwanmu da ke Akra, Kumasi, Abijan, Yawunde, Jidda da Turai suna aiko da kuɗi gida, kuma za su ƙara in sun san akwai kwamitin da zai aika masu da rasit da hoton aikin. Na shida, kafin a aza tubalin farko a ware kuɗin gyara, a naɗa mai kula.

Ɗalibai, ku ma kuna da rabo. Wanda ya iya lissafi ya taimaki ma'aji da rubuta littafi. Idan masu rigakafi suka shigo unguwa, ku raka su gidajen da kuka sani, ku duba ko an shafa wa ƙannenku tawada a ƙaramin yatsa, don ita ce shaidar an ɗiga masu. Iyaye kuma, wanda yake da shakka ya zo ya tambaya, za mu haɗa shi da ma'aikacin lafiya da malami su zauna tare a yi masa bayani.

Allah ya karɓi sadakarmu, ya ba mu ikon riƙe amanar jama'a, ya tsare mana ƴaƴanmu daga cuta.